Cinikin Biri a Sama

Yuli ta zo ƙarshe a Baltimore.
Kwalta na laushi a ƙofar shagon faci,
rediyon Odell, mai eriyar ƙarfen rataye riga,
tun asuba yake tafasa kamar tukunyar wake:
wa za a sayo, wa za a sallama
kafin ƙarfe shida a rufe kasuwa.

Hannu muke nema.
Hannu kawai, sauran jikin gyara ne.
Wanda zai hau ɗan tudun nan na tsakar fili
ya saki ƙwallo ta wuce gora tana fito,
don namu sun gaji,
zagaye na bakwai na kamawa sai su fara rabon sadaka.

Odell ya ce bahagon nan na gaɓar yamma.
Surukinsa ne ya faɗa masa,
shi kuma ya ji a bakin wani direba
da ya rantse ya ɗauko akwatin mutumin daga filin jirgi.
Akwati dai. Mai akwatin ba a gan shi ba.

Gwaggo Lorraine ta zo a ƙara mata iska,
awa uku ke nan ba ta tafi ba.
Shekara arba'in tana rubuta kowane jifa da fensir.
Ta ce, "Bahago? An farke masa gwiwar hannu bara,
jijiyar aro ce a ciki.
Ni ku ba ni dattijon nan mai gemu,
ba shi da gudu, amma yana da wayo."
Odell ya ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya,
tun hunturu ya kamata su saya!
To yanzu a ba su yara uku, har huɗu,
yara ai ba sa ƙarewa."

Ni ɗan dillali ne.
Ubana a kara yakan buɗe bakin sa ya ƙirga haƙora,
ya matsa tozo, ya zagaya, ya yi tsaki ko da ya yaba,
bai taɓa taya abin da bai shafa ba.
Ga ni yau da baƙin mai har gwiwa
ina taya mutumin da ban san muryarsa ba
da kuɗin da ba nawa ba,
ina cewa albarka, ina cewa a ƙara.

Yadiel bai sa baki ba.
Yana ƙarƙashin wata tsohuwar mota yana kwance ƙusa.
Shida saura takwas wayarsa ta yi ƙara,
ya fito, ya goge hannu a wando,
ya saurara, ya ce to, ya ce to,
ya zauna a kan taya.

Ƙanensa ne, Eudy,
ɗan shekara ashirin da ɗaya,
da ke jifa a ƙaramar ƙungiya can bayan gari,
wanda muke zuwa kallo ran Lahadi da gyaɗa a aljihu.
An haɗa shi da wasu biyu an bayar.
Bas ɗinsa zai tashi da sassafe
zuwa wani gari mai gonakin masara
da ko Lorraine sai da ta nemi taswira.

Mun samu mai gemun.
Rediyo na ta guɗa.

Odell ya miƙa hannu ya rage murya,
ya rasa inda zai ajiye idonsa.
Na san irin wannan akwati,
wanda ake haɗawa cikin dare ɗaya,
a manta buroshi, a manta yi wa maƙwabci sallama.

Lorraine ta buɗe littafinta a shafin ƙarshe,
ta lashi bakin fensir,
ta ce, "Ɗana, yaya ake rubuta sunan nasa?"
Yadiel ya faɗa mata, harafi harafi.
Tayarta ta baya har yanzu ba iska.